Ƙurajen Fuskar Auta: Yadda Magani Ke Tafiya

6 ga Janairu, 2025

Zan riƙa rubuta yadda maganin ƙurajen fuskar Auta ke tafiya, don kada mu dogara da abin da ido ya tuna. Shekarunta 16. Ƙurajen sun soma tun tana 13, 'yan ƙanana a goshi da gefen hanci, irin waɗanda kowa ke cewa na balaga ne, a bar su za su wuce. Tun tsakiyar bara sai suka gangaro kumatu da haɓa, suka kuma sauya kama. Akwai masu farin kai, akwai masu baƙin kai, akwai masu mugunya, sannan ga wasu manya da ke zaune can cikin fata, ba su da baki, sai zafi idan hannu ya taɓa. Kowanne ya baje sai ya bar baƙin tabo, har tabon ya fi ƙurajen yawa.

Yarinyar da gida ba ya shiru in tana nan ta koma magana kai a sunkuye, in an zo ɗaukar hoto ta sulale. Wannan ya fi damuna. Likitocin fata na cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen fuska, kuma ina jin yawan ne ke sa manya su raina abin. Amma don kowa na yi, ba ya rage wa yarinya ɗaya zafin nata.

Yau mun tattara duk abin da take shafawa a fuska da gashi a leda ɗaya, za mu tafi da ita wurin likitan fata. Na kuma ɗauke ta hoto kusa da taga da hasken safe, ba hoda: gaba, dama, hagu. Duk bayan mako biyu za mu sake, a wuri ɗaya.

9 ga Janairu

Likitar da ledar nan ta fara. Ta zazzage ta a kan tebur, tana ɗaga kowanne tana karanta ƙananan rubutun bayansa. Da ta zo kan wani ɗan farin bututu da aka matse har ya lanƙwashe, sai ta tsaya.

"'Yata, wa ya ba ki wannan?"

"Ƙawata ce, Likita. Ta ce cikin kwana uku yake kwantar da ƙuraje."

"Ba ta yi ƙarya ba, yana kwantarwa. Daga baya ne yake fanshewa."

Ta juyo da shi ta nuna mini: clobetasol propionate 0.05%. Sitiroyid ne, cikin mafi ƙarfi da ake shafawa, an yi shi don wasu cututtukan fata masu tsanani, na ɗan lokaci, kuma ba don fuska ba. Yana danne kumburi, shi ya sa fuska ke yin sumul a makon farko har ta ɗan yi haske. In aka ɗore, kaurin fata ya ragu, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, sannan ya haifar da nasa ƙurajen. Man bilicin da yawa na ɗauke da irinsa, wani lokaci ko a jikin kwali ba a rubuta ba. Auta ta yi watanni tana shafa shi da dare.

Ta kuma ware man gashi mai kauri. 'Yan ƙurajen da suka yi layi a bakin gashin goshi nasa ne, kuma tun 1970 likitoci suka rubuta wannan nau'in a tsakanin masu yawan shafa man gashi mai maiƙo. Na uku shi ne sabulu mai yashi-yashi da Auta ke dirzar fuska da shi safe, rana da dare.

Sannan ta ɗauki biro ta zana mana yadda ƙurji ke samuwa. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo. Da an balaga, homon ɗin da ake kira androjin, wato wani sinadari da jiki ke samarwa, wanda mace da namiji duk suna da shi, sai ya sa jakar ta girma, maiƙon ya ƙaru. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kaɗe su fita sai su manne da juna su toshe ƙofar. In bakin a rufe yake, farin kai ke nan. In a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki ya yi baƙi, wato baƙin kai ba dauɗa ba ce, kuma ba ya fita da wanki. A cikin toshewar, ga maiƙo ga rashin iska, sai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda ke zaune a fatar kowa, ta samu wurin hayayyafa. Jiki ya taso yaƙarta, sai kumburi da mugunya. In bangon ƙofar ya fashe can ƙasa, shi ne manyan nan masu zafi da ke barin rami.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce, toshewar na farawa makonni kafin ido ya ga komai. Don haka maganin kirki waɗanda ke kan hanya yake tarewa, wanda ya riga ya fito ya wuce masa. Shi ya sa ake shafa shi a duk inda ƙuraje ke fitowa, maimakon a ɗiga shi a kan kowane ƙurji.

Tsarin farko: a daina clobetasol, a daina dirza, man gashi kada ya taɓa goshi. Fuska ta huta mako biyu, wanki sau biyu a rana da sabulun ruwa mai laushi da tafin hannu, sai man shafawa marar maiƙo. Ta gargaɗe mu cewa fuskar za ta yi bore in aka janye sitiroyid.

16 ga Janairu

Boren ya zo. Fuska na raɗaɗi, tana ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje sun feso a kumatu. Daren jiya ta same ni a ɗaki: "Umma, don Allah ko sau ɗaya in shafa wancan, gobe akwai makaranta." Na ce mata bututun ya riga ya bar gidan nan, ko da yana nan kuma, shafa shi sau ɗaya baya zai mayar da mu. Na jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta ɗora a fuska har barci ya ɗauke ta. Likita ta ce in fuskar ta kumbura sosai ko ta fara tsiyayar ruwa mu koma. Ba ta kai haka ba.

24 ga Janairu

Raɗaɗin ya lafa, yau muka fara adapalene 0.1%. Yana cikin dangin magungunan da ke aiki irin na bitamin A: yana hana matattun ƙwayoyin fata mannewa su toshe ƙofa, yana kuma rage kumburi. A Amurka an amince da shi tun 1996, a 2016 kuma aka yarda a riƙa sayar da mai wannan ƙarfin ba tare da takardar likita ba. Duk da haka mai juna biyu ko mai neman ɗauka ba ta shafa shi.

Na zauna kusa da Auta. Ta wanke fuska, ta tsane da tawul ba gogewa, muka jira fatar ta bushe sarai, domin a kan danshi maganin ya fi cizo. Ta matso shi a kan yatsa, kamar ƙwayar wake ɗaya, ta dube ni.

"Umma, wannan ai ko goshi ba zai isa ba."

"Na duk fuskar ne. Haka ta ce."

Ta ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, ta baje a hankali har ya ɓace, ta kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Dare ɗaya a shafa, dare ɗaya a huta, har fata ta saba. Da safe kuma man kariya daga rana.

7 ga Fabrairu

Fata na ɓarewa a gefen baki da haɓa, in ta yi dariya tana jin ta ɗaure. Wannan sananne ne a makonnin farko. Likita ta ce kada a daina, a sassauta: a fara da man shafawa, sannan maganin a kansa. Hakan ya taimaka.

Mun ƙara benzoyl peroxide 2.5% da safe. Shi kashe bakteriyar yake yi, kuma har yau ba a ga ta saba da shi ta daina jin sa ba. Auta ta ga akwai na 5% da na 10%, ta tambaya me ya sa aka ba ta mafi ƙanƙanta. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya gwada ukun, ya samu na 2.5% na rage ƙuraje masu kumburi daidai da sauran, na 10% kuwa ya fi jawo ƙuna da saɓar fata. Ga fata irin tata wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk abin da ya fusata baƙar fata tabo yake bari, ko da maganin ne da kansa.

Yana cin launin tufa. Shuɗin tawul ɗinta ya yi dabbare-dabbare, ga shatin yatsu biyar a fili inda ta goge hannu. Ta koma farin tawul da farar rigar filo.

21 ga Fabrairu

Wannan makon ne mafi wuya zuwa yanzu. Wata guda da fara magani, fuskar a ido ba ta fi da ba, a haɓa ma kamar ta fi muni. Toshewar da ta riga ta samu tun kafin magani dole ta fito ta ƙare. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, ta rubuta a 2021 cewa a ba kowane tsarin maganin ƙuraje mako 12, kuma a gaya wa mai shafawa ana iya yin mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauyi. Na karanta wa Auta. Ta ce, "Umma, ba su ke shiga aji da fuskar ba." Gaskiyarta ne, ba ni da abin ce mata.

Daidai wannan lokacin ne masu shawara suka yi yawa, kuma duk don ƙauna suke yi. Gwaggonta ta ce a matsa lemun tsami a shafa. Wata ta ce man goge baki, a ɗiga a kwana da shi. Yayanta kuwa cewa ya yi ba ta wanke fuska da kyau. Shi na fara kira gefe. Na ce masa ƙanwarsa ta fi shi wanke fuska, yawan wankin ma na cikin abin da ya ɓata ta, kuma kada in sake jin maganar nan a bakinsa. Babu abin da ke karya yaro mai ƙuraje irin a nuna masa ƙazanta ce ta jawo, alhali homon ne da gado. Mahaifinsu ya yi su sosai a ƙuruciya, har yau da 'yan ramuka a kumatunsa. Gwaggon kuwa godiya na yi mata, na ce, "Yaya, likita ta hana a haɗa da komai sai mun koma." Lemun tsami na ƙona fata, in rana ta biyo baya yana iya barin baƙin da ya fi na ƙurjin. Man goge baki ma ƙuna ce ke sa a ga kamar ƙurjin ya bushe.

Sai matsa. Na lura hannunta ba ya barin haɓa in tana karatu, ba ta ma san tana yi ba. Matsa ƙurji na tura abin da ke ciki ƙasa, bango ya fashe, kumburin 'yan kwanaki ya zama tabon watanni. Faɗa ba ya hana wannan. Abin da ya yi mana aiki shi ne 'yan ƙananan filasta masu tsotse ruwa da ake manna wa ƙurjin da ya nuna. Ba sa hana sabo fitowa, amma suna shiga tsakanin farce da fata.

6 ga Maris

Mun koma wurin likita. Ta sa Auta ta rufe ido ta shafa goshinta: ƙananan tudun nan na ƙarƙashin fata sun ragu sosai, hannu ya riga ido ganewa. Na kumatu ma sun ja baya. Amma manyan muƙamuƙi da haɓa ba su ji ba, ɗaya har ya bar ɗan rami. Da ta ga ramin sai ta ce ba za a tsaya jiran na shafawa kaɗai ba.

Ta rubuta doxycycline, ƙwaya ɗaya a rana na wata uku. Antibayotik ne, ban da yaƙar bakteriya yana kuma rage kumburi. A sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa, domin in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. A sha da abinci don gudun tashin zuciya. Auta da na dare take sha, tun da sauran lokaci kafin barci. A raba shi da maganin ƙarin jini da na ƙwannafi da awa biyu ko fiye, don suna hana shi shiga jiki. A kiyayi rana. Ba a ba mai juna biyu, ba a ba ƙananan yara saboda yana ɓata launin haƙori. In ciwon kai mai tsanani ya zo tare da gani dishi-dishi, a daina a koma asibiti nan take.

Abin da likitar ta fi nanatawa shi ne ba a shan sa shi kaɗai, kuma ba a zarcewa da shi. An yi shekaru ana ba masu ƙuraje antibayotik na sha da na shafawa ba iyaka, har bakteriyar a ƙasashe da dama ta daina jin erythromycin da clindamycin yadda take ji a da. Haɗa shi da benzoyl peroxide na rage wannan haɗarin. Shi ya sa ba na goyon bayan mutum ya nemi ƙwayar nan da kansa don ya ga ta yi wa wani aiki. Illar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

15 ga Maris

Auta ta zo da waya a hannu a firgice, wai benzoyl peroxide na jawo cutar daji. Na nemi asalin labarin. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ita ce ta sanar a wannan makon cewa ta gwada kayan maganin ƙuraje 95 masu ɗauke da shi, ta samu 6 da sinadarin benzene, wanda ke iya jawo cutar daji, ya yi yawa a cikinsu, aka janye su daga kantuna. Ta kuma ce ko an yi shekaru ana shafa waɗancan kullum, haɗarin ƙarami ne ƙwarai. Zafi na sa maganin ya lalace ya haifar da benzene, don haka muka duba ranar ƙarewar namu, muka ɗauke shi daga bakin taga zuwa wuri mai sanyi. Likita ta ce a ci gaba.

5 ga Afrilu

Maganar abinci ta taso, Auta ce ta tayar. Ta ji ana cewa a daina maiƙo, a daina cakulan, a daina ƙwai, jerin ba ya ƙarewa. Maiƙon da aka ci ba shi ke fitowa a fuska ba. Inda bincike ya fi nuna alaƙa shi ne abincin da ke ɗaga sukarin jini da sauri, irin su lemun kwalba da kayan zaƙi, domin suna ɗaga insulin, homon ɗin da ke daidaita sukarin jini, shi kuma ya zuga jakunkunan maiƙo. A 2007 masu bincike a Melbon ta Ostareliya sun bi samari 43 na mako 12, waɗanda aka rage wa irin wannan abincin ƙurajensu sun fi raguwa. Mutum 43 ba su da yawa, kuma duk maza ne. An kuma danganta madara da ƙuraje, musamman wadda aka cire wa kitse. NICE dai cewa ta yi hujjar ba ta kai a ɗora wa mai ƙuraje wani tsarin abinci na musamman ba.

Ban hana ta komai ba. Yarinya mai tasowa, mai damuwa da kamanninta, ba na son in ƙara mata tsoron abinci a kan tsoron madubi. Ita da kanta ta rage lemun kwalba, wannan kuwa ko ba ƙuraje alheri ne.

17 ga Afrilu

Mako 12 da fara adapalene. Mun jera hoton Janairu da na yau a gaban likita. Auta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka nake?" Kullum tana duba madubi, kullum ƙurjin da ya fito jiya take gani, shi ya sa ba ta ga tafiyar da aka yi ba. Goshi ya yi sumul, kumatu sai ɗaya-ɗaya, manyan muƙamuƙi tun ƙarshen Maris ba sabo.

Yanzu tabon ne ya fito fili, kuma a nan ne masu baƙar fata suka fi ɓata hanya. Tabo iri biyu ne. Akwai shafaffe, wanda in ka rufe ido ka shafa ba za ka ji komai ba: kumburi ne ya zuga ƙwayoyin da ke yin launin fata suka zuba fiye da kima. Wannan yana gogewa da kansa, amma a hankali, wata 6 zuwa 12 in a sama-sama yake, in kuma ya yi zurfi har ya koma toka-toka yana iya ɗaukar shekaru. Akwai kuma rami ko tudu, inda naman fatar ne ya lalace. Shi babu man da ke cike shi, sai aikin likita da na'ura ko allura, kuma ba a fara shi sai ƙuraje sun kwanta. Na Auta kusan duk shafaffe ne, ramuka biyu ne ƙanana a muƙamuƙin hagu.

Mutane da yawa tabon suke gani, sai su nufi man da zai goge shi da sauri. Nan ake faɗawa hannun sitiroyid, ko man da ke da sinadarin makyuri, ko hydroquinone da ake shafawa shekara da shekaru ba likita har fata ta yi wani baƙi-shuɗi mai wuyar fita. Alhali muddin sabon ƙurji na fitowa, sabon tabo na biye da shi. Sai an tsayar da ƙurajen tukuna ake samun kan tabon.

Likita ta ƙara mana man azelaic acid 20%. Yana rage haɗa launi a wuraren da ya yi yawa, yana kuma taɓa ƙurajen kansu, sai dai yana ɗan tsikari bayan an shafa. Tsarin yanzu: da safe benzoyl peroxide na wankewa, a bar shi 'yan mintoci a ɗauraye, sai azelaic acid, sai man kariya daga rana, da dare adapalene, wanda tuni ta koma shafawa kullum.

Man kariya daga rana Auta ta fi yi wa gardama. "Likita, ni da nake baƙa, me rana za ta yi mini?" Likita ta ce ba lallai ta ƙona ta ba, amma duk fitar da ta yi ba kariya tana ƙara wa tabon duhu, magani ya gyara da dare, rana ta warware. Ta ce a nemi mai SPF 30 ko sama, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyar, in an samu mai ɗan launi wanda ke da iron oxide ya fi, domin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun tabo a baƙar fata. Ba ya kuma barin farin toka a fuska, abin da ya sa ta tsani na farkon.

16 ga Mayu

Ƙuraje uku sun fito a haɓa cikin mako ɗaya, tana ganin komai ya rushe. Muka duba kalandarta: saura kwanaki kaɗan al'adarta ta zo, ga jarrabawa, ga ƙarancin barci. A hotunan baya ma haɓar takan motsa a irin wannan lokacin. A 2003 an bi ɗalibai 22 a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka ga ƙurajensu na ƙaruwa lokacin jarrabawa gwargwadon damuwarsu. Ba mu canza komai ba. Ukun sun baje cikin kwanaki, ba wanda ya yi zurfi, ba kuma wanda ta matsa.

4 ga Yuni

An tsayar da doxycycline. Auta ba ta so ba, tana tsoron manyan su dawo. Likita ta ce ƙwayar dama don kwantar da kumburi mai zurfi aka kawo ta, riƙe fuskar aikin adapalene ne da benzoyl peroxide, su kuwa ba a daina su don fuska ta yi kyau. Nan ne mutane da yawa ke komawa gidan jiya: da sun ga sauƙi sai su ajiye, toshewa ta sake farawa a ɓoye, bayan 'yan watanni ƙuraje su dawo a ce maganin bai yi ba.

Na tambaye ta, in manyan suka dawo fa? Ta ce ba za ta yi ta maimaita antibayotik ba. Ga mace akwai hanyar homon, wato wasu ƙwayoyin tsarin iyali masu haɗin homon biyu, ko spironolactone, duk bayan an duba lafiyar mai sha. Akwai kuma maganin sha mai suna isotretinoin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1982. Shi ne ke taɓa duka huɗun, maiƙo, toshewa, bakteriya da kumburi, kuma mutane da yawa bayan watanni na shan sa ƙurajen ba sa dawowa da ƙarfin da. Amma yana busar da leɓe da fata da ido, ana gwajin jini, ana lura da halin da ran mai sha ke ciki, ba a haɗa shi da doxycycline, kuma yana yi wa jariri a ciki mummunar nakasa, don haka mace ba ta shan sa sai da tsauraran matakan hana ɗaukar ciki. Na ji daɗi da ta faɗa mana tun yanzu a gaban Auta. Sanin cewa akwai mataki na gaba in an buƙata ya rage wa yarinyar fargaba.

12 ga Yuli

Fiye da wata ɗaya ba ƙwaya, manyan ba su dawo ba. Ƙanana na fitowa jefi-jefi, mafi yawa kafin al'ada. Tabon goshi ya kusa ɓacewa. Na kumatu ya tashi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, gefunansa sun fara narkewa cikin launin fatar. Na muƙamuƙi, inda manyan suka zauna, har yanzu da duhu.

Sabon abu shi ne 'yan ƙuraje a kafaɗa da saman baya, daidai inda igiyar jakar makaranta ke gogawa, ga gumi. Likita ta fara tambaya ko suna ƙaiƙayi, domin ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya da ke ƙaiƙayi a baya ko ƙirji sau da yawa na fangas ne, maganinsu daban, antibayotik ma ƙara su yake yi. Nata ba sa yi. Ta ce a gwada benzoyl peroxide na wankewa a wurin lokacin wanka, a kuma cire rigar da ta jiƙe da gumi da an dawo gida. Na fara ɗaukar hoton bayan ma.

Yanzu ita ke riƙe da tsarin, ita ce ma ke gaya mini in bututu ya kusa ƙarewa. Hoton fuska mun mayar da shi sau ɗaya a wata. Za mu koma wurin likita a Satumba, in sha Allah, da tambayoyi biyu: ko adapalene zai ci gaba kullum ko a rage, da kuma yaushe ya dace a duba ramukan nan biyu na muƙamuƙin hagu.